Ranar da MaShezi Ta Je Ɗauko Mijinta

Duk wanda ya taɓa kwana a kan tabarma a kwarinmu na Mkhomazi, da wuya a ce ba saƙar MaShezi ba ce. Da damina take yankan ciyawar fadama ta shanya a kan rufin ɗakin girki, in rani ya yi ta zauna jikin bangon da rana ke duka da hantsi, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, ta yi ta saƙa. Ba ta da yawan magana da masu rai. Amma in ka bi ta bayan shingenta za ka ji tana ƙunƙuni, ka ɗauka da kaji take faɗa, alhali mafarkin da ta tashi da shi take maimaita wa kanta don kada ya zube kafin rana ta take.

Mafarkin kusan ɗaya ne kullum. Mijinta Velaphi yana tsaye a tsallaken kogi cikin doguwar ciyawa, hazo ya rufe shi zuwa gwiwa, yana ta waige-waige irin na wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba. Ba ya kuka, ba ya fushi. Wani lokaci ya ɗaga mata hannun nan nasa mai yatsu huɗu, wani lokaci ya tambaye ta a hankali ta ina ake bi. Ita ta tsufa, haƙora sun fara sallama, shi kuwa yana nan yadda ya fita, gashi baƙi ƙirin. Har haushin wannan takan ji.

'Yar gidan Shezi ce daga kan tudu, shi ya sa kowa ke ce mata MaShezi, sunanta na yarinta kuwa ya bi tsofaffin da suka san shi. Velaphi a kamfanin takalma yake aiki a Maritzburg, can inji ya cinye masa ɗan yatsa, kuma da wannan hannun ya tare ta a hanyar rafi ya ce ta sam masa ruwa. Ta ce rafin ga shi nan, ba a kulle yake ba. Bai yi zuciya ba, ya dawo wata na gaba, da wanda ya biyo shi, har aka kora shanun aure gidan ubanta. Ƙarshen wata yakan zo gida da sukari da burodi da guntayen fata da yake yi mata maɗaurin tabarma da su. 'Ya ɗaya suka samu, Khethiwe, kuma tun daga ranar ya zama Baban Khethiwe a bakinta, don matar kirki ba ta kama sunan miji.

Sai aka shiga shekarun nan da ba ma son ambata, kafin zaɓen farko. Jam'iyya ɗaya ta kama gefenmu, ɗaya ta kama tsallaken kogi, alhali harshe ɗaya muke yi, waƙar coci ɗaya, kuma babu gidan da ba shi da suruki a can. Har yau in ka tambayi mazan da suka rage me aka yi wa faɗan, sai su gyara murya su jero maka sunayen manyan da ba su taɓa taka ƙasar kwarin nan ba. Velaphi bai san kan siyasa ba. Ya zo hutun ƙarshen wata ne kawai aka buga ƙofa da sassafe aka ce maza su fito, wanda ya zauna kuma an san inda zuciyarsa take. Ya ɗauki sandarsa ya fita, bai ko sha kunun da ke kan wuta ba. A wannan safiyar namu suka haye can, nasu suka hayo nan, kowa ya tarar da gidan wani babu maza. Motar 'yan sanda ce ta bi daga baya tana kwasar gawa, a ɗakin ajiye gawa na gari aka gane shi, aka binne shi a gurguje.

To amma gangar jiki aka binne. Wanda ya mutu a waje, kurwarsa tana nan inda ya faɗi, ba ta san hanyar gida ba sai an je da reshen magaryar kura an kira shi an taho da shi. Ba wanda ya san inda Velaphi ya faɗi. Waɗanda suka tafi tare kowa da abin da yake faɗa, wannan ya ce bakin ruwa, wancan ya ce bayan makaranta, gaskiyar kuwa ita ce da gudu ya kama ba wanda ya waiga. Kuma wa zai haye ya yi sallama ya ce ku nuna mana inda kuka kashe mana mutum? Ƙaninsa ya ce a bari a yi zaɓe. Aka yi zaɓe, ya ce a bari a yi girbi. Ana cikin a bari shi ma ya bi yayansa. Shekara ashirin da ɗoriya suka wuce, MaShezi ba ta tsoron mutuwa ko kaɗan, abin da take tsoro shi ne ta je cikin magabatan gidan mijinta ta tarar babu shi, ta zama baƙuwa a can, shi kuma yana tsaye cikin ciyawa har abada.

Ana nan sai ga wata yarinya daga Durban mai suna Nokwanda, da wando da kyamara, wai tana haɗa fim a kan matan da yaƙin ya bari, na nan da na tsallake. MaShezi ta ce ta kama gabanta. An sha zuwa a sa su kuka a gaban na'ura, a share musu hawaye da takarda mai laushi, a tafi, ko hoton ba sa gani. Yarinyar ba ta yi musu ba. Washegari ta dawo ta zauna tana murza zare, murzar da ko makaho ba zai karɓa ba, jibi ma ta dawo, har tsohuwar ta gaji da ganin ana ɓata mata kaya ta ce ta ajiye ta kunna abin nata. Ko da aka kunna, ba ta faɗi komai game da yaƙi ba. Maganar ciyawa ta yi, wadda ake yanka da wadda ake bari, sai kuma mafarkin.

Nokwanda tana da wata hanyar aiki da mutane suka yi ta tsegumi a kai. In ta ɗauki maganar wata a nan, sai ta haye ta nuna wa wata a can, ta kuma kwaso ta can ta kawo nan, ta zama 'yar aike tsakanin mutanen da ba su aike ta ba. Wata ranar da hazo ya ƙi tashi daga kwarin, ta buɗe kwamfutarta a kan tabarmar da ba a gama ba, ta kira ta kaka da harshenmu, ta ce, "Gogo, ga wata daga tsallake. In ba ki so, in rufe."

MaShezi ba ta ce a rufe ba. Wata ƙatuwar mace ce ta cika gilashin, baƙa mai wushirya, tana shaƙar taba tana atishawa, sunanta MaDuma. Magana take kamar ana binta da gudu. Ta ce mijinta Mfaniseni ma'aikacin gyaran hanya ne, ya fita ran nan da rigar ruwansa ta aiki, rawaya shar, sakarai, kamar mai son a hango shi daga Durban. Ta yi 'yar dariya. Ta ce gawarsa ta samu, amma inda ya faɗi ba wanda ya gaya mata, mutanen gefenmu bakinsu a ɗinke yake.

Daga nan ta share hanci ta ce ita dai tana da baƙo. Wai a safiyar nan, da ƙura ta lafa, ta tarar da wani mutumin gefenmu kwance a gefen gonarta ƙarƙashin ɓaure, ido a buɗe, sai ta cire ɗankwalinta ta rufe masa fuska don ƙudaje. Ba ta sake noma wannan kusurwar ba. Duk ran da ta dafa giyar dawa sai ta zuba masa kaɗan a 'yar tukunya, don ba kyau mutum ya zauna a gonarka kana sha yana kallo. "Ban san ko na wa ne ba," in ji ta. "Mutum ne mai tsafta, takalminsa ya sha mai. Hannu ɗaya babu ƙaramin yatsa, tsohon rauni ne, ya warke tuntuni."

MaShezi ta ce a maimaita. Aka maimaita. Ta sake cewa a maimaita, tana kallon ɓauren da ke bayan matar, da doguwar ciyawar da ke gindinsa, wadda ta sani sarai duk da ba ta taɓa taka wurin ba.

Abu biyu ta ji a ranar, ɗaya ta faɗa, ɗaya ta haɗiye. Ta gaya wa Nokwanda mutumin nata ne. Ba ta gaya mata cewa ta san rigar rawayar ba. Duk matan gefenmu da suka je ɗiban ruwa a safiyar nan sun gan ta a jikin wani mutum kwance a bakin ramin wankan shanu, inda ake tsoma su a maganin kaska, kuma MaShezi tana cikinsu. Ta kawar da kai ta wuce da tulunta, a ranta tana cewa Allah ya ƙara. Yanzu ga matar mai rigar ta rufe wa nata fuska, ta shayar da shi shekara da shekaru. Kunya ce ta toshe mata baki, da kuma wata tsohuwar ƙiyayya da ta ɗauka ta mutu, ashe barci take yi.

Da a ce akwai namiji a gidan, shi ya kamata ya riƙe reshen. Babu, kuma MaShezi ta gaji da jiran maza. Ta aika wa Khethiwe ta zo daga gidan mijinta ta jiƙa dawar giya ta nemi akuya, ita kuma ta sa aka saro mata reshen magaryar kura mai tsawon kamu biyu, da ƙayarsa da komai. A motar Nokwanda suka haye. A hanya ta yi wa yarinyar bayani dalla-dalla, don ta lura 'yan birni sai an tauna musu. Da zarar ta ɗaga reshen daga ƙasa, ba ta da baki sai nasa. Ba za ta amsa gaisuwar kowa ba, ba za ta waiga ba, kuma duk inda suka iso sai ta gaya masa inda suke don kada ya ɓace. In ta yi wa mai rai magana, nan zai sauka ya tsaya, aikin ya lalace. Ta ƙara da cewa ba a wannan motar za su dawo ba, bai santa ba, bas ɗin kwari ya saba shiga.

MaDuma tana tsaye a ƙofar shingenta, hannu a ƙugu. Ta ƙare wa baƙuwar kallo sama da ƙasa.

"Ke ce matar baƙona? Ai na ɗauka wata zankaɗeɗiya ce, yadda ya ƙi kula ni duk shekarun nan."

"Ni ce," in ji MaShezi. "Na ji an ce kin ba shi giya. Ba ya sha sosai."

"Haba, shi ya sa tukunyar ke kwana a cike. Ni ina ta zargin hannuna."

Ba su rungumi juna ba, ko da yake Nokwanda ta saita kyamara tana fata. MaDuma ta kawo kindirmo da tuwon masara, suka ci a akushi ɗaya suna maganar ciwon gwiwa da maganin da ba ya yi. Da suka gama ta tambaya wa zai zama bakin MaShezi a hanya. Aka nuna Nokwanda. MaDuma ta ce wannan da ido ɗaya a cikin na'ura, ko kare ya yi haushi ba za ta ji ba. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da takalmin coci, ta ce ita za ta raka baƙonta, ai ba a sallamar baƙon shekaru daga bakin ƙofa. Tun ranar yaƙin ba ta taka gadar kogin ba, duk wanda ke wurin ya san haka.

Kusurwar gonar shiru take. Masara ta tsaya daga nesa, ciyawa ta yi tsawo ta kwanta gefe guda, hasken rana yana saukowa ta cikin ganyen ɓaure a yayyage. MaShezi ta durƙusa da ƙyar. Ta shafa reshen a ƙasa, a hankali, yadda ake share wa jariri wuri. Sai da ta buɗe baki ta tuna dole a kira shi da sunansa, in ba haka ba wani ne zai amsa. Sunan ya yi mata nauyi a harshe, bai taɓa bi ta nan ba.

"Velaphi," ta ce. "Velaphi na gidan Hlengwa. Ni ce. Na yi latti, ka yi haƙuri. Tashi mu tafi gida."

Iska ba ta motsa ba, tsuntsu bai yi kuka ba, ba wani abin da mai ba da labari zai ƙara gishiri da shi. Ita dai ta ce da ta ɗaga reshen ta ji ya fi ɗazu nauyi.

Suka fito bakin titi, tana gaya masa ga shinge, a sunkuya, ga kwalbati, a tsallake. Bas ya tsaya yana zabga kiɗa. Direban, wani saurayi mai ɗan kunne, ya ce iyaye a matsa ciki, wurin mutum uku ne ya rage. MaDuma ta ce huɗu suke. Ya leƙo zai yi gardama, idonsa ya faɗa kan reshen, sai ya kashe kiɗan, ya sa wani fasinja ya koma baya ya ɗosana. MaShezi ta kwantar da reshen a kujerar taga, don can yake son zama, ta zauna kusa da shi. Ba wanda ya ƙara ɗaga murya a motar. Wata mata mai kaza a cinya ta riƙe mata baki.

Ta yi ta gaya masa hanya ƙasa-ƙasa. Ga shagon da ya ƙone, an sake gina shi, yanzu waya ake sayarwa. Ga makaranta, an yi mata bene. Wannan kwalta ce, kada ya ruɗe, tsohuwar hanyar ce aka shafe. Da suka hau gada ta ce masa ga kogin Mkhomazi, ya ɗaga ƙafa, za a haye ruwa. Hazo yana kwance a kan kogin har lokacin, motar ta shiga cikinsa, na ɗan lokaci babu gaɓar can babu ta nan, sai ƙarar taya da numfashin mutane. MaShezi ta ji kamar a cikin mafarkinta take, sai dai yau tana gefen da yake.

A nan ne Nokwanda ta yi wautar da har yau take jin kunyarta. Ta ga hawaye a fuskar tsohuwar, hasken ya yi kyau, sai sana'a ta rinjaye ta, ta matso da kyamara ta ce, "Gogo, me kike ji yanzu?"

Leɓen MaShezi ya motsa, don ta saba amsa wa yarinyar. MaDuma ta kai hannu ta rufe gilashin kyamarar da tafinta gaba ɗaya.

"Yunwa take ji, 'yar nan. Ni ma ita nake ji. Duk tambayar da ta taso miki, ga ni, bakina ba ya gajiya."

Suka sauka a mararraba, daga nan sai ƙafa, hanyar tana hawa tudu ta bi ta gefen ramin wankan shanu. Mutanen gefenmu suka fara fitowa bakin shinge. Duk wanda ya gaida MaShezi, matar tsallake ce ke amsawa, da babbar murya, ta tambayi yara da awaki kamar jiya ta bar unguwar. Wasu suka gane ta, suka tsuke fuska, amma ba mai iya tanka wa bakin mai ɗauke da reshe. Sai dai tun da suka sauka MaShezi take jin muryar tana canzawa a bayanta. MaDuma tana tafiya tana tsayawa. Tsakanin gaisuwa da gaisuwa, ba sai an waiga ba za a san idonta yana kan kowane dutse da kowane gindin itace, tana tambayarsu abin da mutane suka ƙi gaya mata.

Ramin ya matso. An daina wanka a cikinsa, ruwan sama ya taru ya yi kore, turakun sun karkace. MaShezi ta san in ta wuce shi ta yi shiru, ba za ta sake iya faɗa ba, gobe kunyar za ta ninka. Ta kuma san in ta juya ta ce MaDuma ga wurin, Velaphi zai sauka a nan, a bakin ramin shanu, ana hango rufin ɗakinsa, kuma babu tabbacin ƙafafunta za su sake kawo ta. Ta rage tafiya. Ƙaya ta shige mata tafin hannu, ba ta sassauta ba.

Sai ta ɗaga murya fiye da yadda take yi tun safe, idonta a kan reshen.

"Baban Khethiwe, mun iso ramin wankan shanu, ka san shi. Nan gefen turken ƙarshe, wajen dutsen nan mai faɗi, wani mutumin tsallake ya faɗi ran da ka faɗi. Mai rigar ruwa rawaya. Na gan shi da idona, na wuce ban rufe shi ba. Ka gaishe shi. Ka ce masa ya ƙara haƙuri kaɗan, an san inda yake yanzu. Mu kuma mu wuce, kada ka tsaya hira."

Takun da ke bayanta ya ɗauke. Ta ji wani abu mai nauyi ya zube a ƙasa, sannan wani sauti ya biyo baya, ba kuka sosai ba, irin nishin saniyar da aka raba da ɗanta. Duk jikinta ya nemi juyawa. Ba ta juya ba. Ta ce masa ga hawa, ga gidan su wane, ga inda itacen lemo yake da, ta yi ta tafiya babu baki, masu gaisuwa suna gaisuwa ba mai amsa musu, har ta shige shingenta. Khethiwe ta buɗe ɗaki, MaShezi ta kai reshen ƙurya inda ake magana da magabata, ta soke shi a jikin jinka, ta ce masa ya iso. Aka yanka akuya, aka sha giya. Da yamma aka ga MaDuma ta shigo, gwiwoyinta duk ƙasa, ta zauna cikin mata aka miƙa mata ƙwarya, ba ta ce uffan ba, abin da mutanen tsallake suka ce ba a taɓa gani ba.

Kowa ya ce aiki ya yi kyau, ban da mai aikin. Abin ya tsaya mata a rai. Da mijinta ta yi magana, gaskiya ne, amma don kunnen wa ta ɗaga murya? Matattu ba yara ba ne da za a yi musu wayo. Wataƙila ya gane, ya sauka a bakin ramin, ita kuma ta ƙaraso gida da itace kawai tana ta yi masa surutu. Ta tambayi wani dattijo, ya ce ya danganta. Ta tambayi fasto, ya ce ta yi addu'a. Barcinta ya zama fari fat, ba ta ganin kowa a ciki, ba ta san ko alamar ya samu wuri ba ce ko alamar ya yi fushi. Ko da MaDuma ta zo da 'yan'uwan mijinta suka ɗauki nasu, MaShezi ta tsaya daga nesa tana kallon ramin, tana tunanin ko an bar mutum ɗaya a wurin. Tabarmar da ta fara kafin tafiyar ta daɗe a jingine.

Sai bayan damina biyu Nokwanda ta dawo da fim ɗin. A zauren cocinmu aka nuna shi da rana, aka toshe tagogi da barguna, aka rataya farin zane a bango. Matan tsallake suka zo cikin bas guda, suka zauna gefe ɗaya, namu gefe ɗaya, MaDuma kuwa ta ratsa tsakiya ta matse MaShezi a kan benci ta ce a matsa mata. Mata suka yi ta wucewa a kan zanen, kowace da nata, wata tana nuna hoto, wata tana nuna bango mai ramin harsashi, wata tankaɗe kawai take yi. In ta can ta yi magana sai ka ji ta nan ta yi ajiyar zuciya, don ba a gane bambancin kukan. MaShezi ta ga kanta tana bayanin ciyawa, ta ce wannan tsohuwar ta cika surutu.

Sannan aka zo ramin. Ashe da MaDuma ta zube, Nokwanda ta rasa wadda za ta bi, sai ta tsaya cak a tsakiya, ta ɗauki wadda ke ƙasa, daga baya ta juya ta ɗauki bayan wadda ke tafiya. Karo na farko ke nan MaShezi ta ga abin da aka hana ta waiga ta gani. Ta matso gaba a kan bencin, tana bin gefen ramin da ido, turke bayan turke, ko za ta ga wani a tsaye. Babu kowa sai MaDuma da ƙasa.

Kyamarar ta juya. Ga wata 'yar tsohuwa can tana hawan tudu da reshe a hannu, hazo yana buɗe mata yana rufewa. Ba a kan hanyar take tafiya ba. Ta koma gefe cikin ciyawa, ta bar tsakiyar fili fetal, kafaɗarta ɗaya a karkace wajen hanyar. Kuma sauri take yi, saurin da ba wanda ya taɓa ganin ta yi a shekarun nan, har tana haɗawa da ɗan gudu, ta tsaya ta ja numfashi, ta sake bi.

MaDuma ta zunguri MaShezi da gwiwar hannu, ta yi ƙasa da murya iyakar iyawarta.

"Ke da kika ce min gwiwa ta hana ki zuwa rafi. Wa kike bi da wannan saurin?"

MaShezi ba ta ɗauke ido daga zanen ba. Hawaye yana bin ramukan fuskarta, bakinta kuma yana dariya.

"Haka yake in ya hango gida," ta ce. "Bai taɓa jirana ba."